Tauren Mala'ika Mika'ilu

Duk wanda ya taɓa sayen yaji a kasuwar Bahir Dar ya san ni. Ni ce Tiringo, matar marigayi Admasu mai injin niƙa, wadda rumfarta ke bayan masu albasa. Ba a taɓa cuta ta a ciniki ba, kuma ba za a fara ba. Na faɗi haka tun da wuri ne saboda Wubalem, maƙwabciyata mai sayar da man shanu, tana yawo da labarin nan a gari tana ƙara masa gishiri, tana cusa ni a ciki kamar da hannuna. Babu hannuna. Ga yadda aka yi.

Shekarar da tafki ya cika ya ci unguwarmu, ruwa ya zo daidai ƙofar injin Admasu ya tsaya, bai shiga ba. Mijina ya ɗaga hannu sama ya yi bakance, ya ce zai kai wa Mala'ika Mika'ilu na tsibirin Debre Kokeb ƙosasshen taure ranar idinsa. Admasu mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, amma babu abin da ya fi "baɗi" sauƙi a bakinsa. Idi ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya kama hannuna ya ce, "Tiringo, kada ki bar ni in isa can da tauren Mika'ilu a wuyana."

Na ce masa ya tafi hankali kwance.

Ina fita takaba na shiga kasuwar awaki. Na tsaya kan wani ɗan taure baƙi mai farin kunne tun hantsi, ban bar wurin ba sai da mai shi ya ce in ɗauka don Allah in ba shi wuri ya sha iska. Na kiwata shi da dusa da ɓawon wake, ina wanke shi kamar jariri, har gashinsa ya koma sheƙi, wuyansa ya yi kauri. Duk wanda ya shigo gidan sai ya taya, in ce ba nawa ba ne, na Mala'ika ne, a nemi mai shi.

To, matsalar ita ce Debre Kokeb mace ba ta taka shi. Ba mu 'yan Adam kaɗai ba, har saniya, har tunkiya, har kaza. Zakaru ne ke cara a can su kaɗai, ba mai amsa musu. Haka yake tun zamanin sarakunan da suka gina coci-cocin nan uku na kan tudu. Mu mata iyakarmu cikin jirgi, a gindin matakala, sai a sauko mana da Tabot, allon tsarkin da firist ke ɗauka a ka lulluɓe da mayafi, a sa mana albarka daga nesa. Mai bakance kuwa dole namijin gidansa ya ja dabba ya miƙa igiya hannun shugaban 'yan zuhudu, sannan a kira sunan mai alwashi a gaban jama'a a ce ya sauke. In ba a kira suna ba, ba a yi komai ba.

Ɗana yana can Addis Ababa yana tuƙin motar haya, ubangidansa ya hana shi zuwa. Namijin da ya rage a gidan shi ne Shiferaw, ƙanin Admasu.

Shiferaw babu sana'ar da bai yi ba, babu kuma wadda ta kai shi ƙarshen wata. Ya yi karen mota, ya yi dillanci, ya yi gadin otal har aka sace kujerar da yake zama a kai. Amma in ya murza gashin baki ya fara ba da labari, sai ka rantse shi ya haƙa tafkin. Ranar da na kira shi, ya zauna ya shanye mini gahawa har zagaye na uku, ya ce:

"Matar Yaya, ki daina damuwa. Ni da Debre Kokeb? Ai can na yi karatu! Abba Kidanu, shugabansu, in ya hango ni tashi yake tsaye."

"Admasu ya ce mini ko wata ba ka rufa ba aka dawo da kai."

"Don na gama ne! Abin da wasu ke kwashe shekaru suna haddacewa, ni ina kallo sau ɗaya ya zauna. Ke dai kaico da aka yi ki mace, ba za ki ga cocin tsakiya ba. Zagayayye ne, ƙofarsa itace guda, ga Mika'ilu an zana shi da takobi tsirara, idanunsa dara-dara suna bin mutum duk inda ya juya. Kowa bin sa suke da harara. Ni kuwa ƙifta mini yake."

"Allah ya shirye ka."

"Littattafan fata da mutum biyu ke ɗagawa, ni da hannun hagu nake buɗe su. Dutsen da suke bugawa a maimakon ƙararrawa, ni na koya musu inda ake dukansa."

"Ni ban ce ka koya wa kowa komai ba. Ka ja igiya, ka miƙa, ka ce Admasu ɗan Belay. Ko yaro zai iya."

"Shi ya sa aka nemo babba," in ji shi, ya miƙo kofi a ƙara.

Saura jirgi. Molla ne ke kai matan unguwarmu a jirginsa mai inji. Na same shi a bakin ruwa, wai sai na biya wa taure kuɗin mutum guda.

Na ce, "A benci zai zauna?"

Ya kira ni da sunan girma da ake kiran iyaye mata, ya ce, "Emama Tiringo, nauyi nake ɗauka, ba zama ba."

"To Wubalem nauyin mutum biyu ce, sau biyu take biya?"

Muka yi ta ja har rana ta yi tsaka, bai sauko ba, ban hau ba. Shiferaw yana gefe yana sakace, sai ya tsoma baki.

"Bar shi, matar Yaya. Jirgin inji na mata ne da baƙi masu ɗaukar hoto. Bakance na gaskiya a kwalekwalen iwa ake kai shi, yadda kakanni suka yi. Ni da sandar gora na taɓa tsallake tafkin nan gaba ɗaya, dorina ta tare ni na mare ta. Abokina zai ara mini kwalekwale kyauta."

Ba zan ɓoye ba, kalmar ƙarshen nan ta yi mini daɗi a kunne. Jajibirin idi da la'asar na miƙa masa igiyar taure, tunda shi zai riga mu tashi, na ara masa farin bargon Admasu na zuwa coci don kada ya je mana a wulaƙance. Na ce, "Ka ba shi ruwa, kada ka ba shi komai, kada ka kai shi ko'ina."

Ya ce, "Ki ɗauka Mika'ilu ya riga ya karɓa."

Da safe muka cika jirgin Molla, kowa cikin farin mayafi. Wubalem ta zo da laimar da za ta ba coci sadaka, ja mai geza, ta buɗe ta tun a gaɓa don kada wani ya mutu bai gani ba. Ta dube ni ta ce, "Ina tauren da aka cika mu da labarinsa? Ko an sami mai saye?"

Na ce, "Ya yi gaba. Manya ba sa cunkoso."

Mun yi nisa, tsibiri ya fara fitowa da itatuwansa, sai wata ta nuna hannu ta ce, "Mene ne wancan ja a kan ruwa?"

Molla ya karkata can. Shiferaw ne. Ya harɗe a kan kwalekwale sanye da bargon mijina, yana tuƙi da gora, dama sau ɗaya hagu sau uku, kwalekwalen yana ta zagaya kansa. Kowa a bakin tafkin nan ya san sai iwa ta bushe ta yi ruwan ƙasa ake ɗaure ta a hau. Shi ya zaɓo sabo, ɗanye shar, wai ya fi kyan gani. A bayansa kuwa ga wata dabba a tsaye, an lulluɓe ta da jan ƙyallen adon alfadari mai tuntaye, tun daga wuya har ƙofato. Kai kawai ake gani. Kan kuma ja ne, da dogon gemu, da ƙaho ɗaya a karkace.

Na miƙe tsaye, jirgi ya yi tangaɗi. "Shiferaw! Ina taurena?"

"Barka da asuba, matar Yaya! Ga shi nan ya zama biyu!"

"Nawa baƙi ne mai farin kunne!"

"Wancan ɗan firit ɗin? Haba. Ni da girmana in tsaya gaban Abba Kidanu da wannan? Jiya na kai shi kasuwa na musanya. Dubi ciki! Dubi faɗi! Duk kasuwar babu mai tumbinsa. Kuma ko sisi ban ƙara ba. Ke da kike cewa kin iya ciniki, ki zo in koya miki."

Wubalem ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa. "Ayya, Tiringo. Shekara guda ta dusa."

Na ce, "Ke ki riƙe laimarki." Na juya ga Shiferaw. "Wa ya ba ka izini? Ka duba haƙoransa? Ka taɓa ƙirjinsa?"

"Ni ba na taɓa dabba. Ido nake sa mata, ta gaya mini komai."

Ina shirin ba shi amsar da ta dace da shi, sai na ga dabbar ta sunkuya. Ta kama bakin kwalekwalen ta baya, inda aka tattara iwa aka ɗaure, ta fizgo, ta fara tauna. Ta haɗiye. Ta sake fizgowa.

Wani tsoho a jirginmu ya ce, "Jama'a, ko idona ne? Jirgin take ci."

Muka haɗa baki, "Shiferaw! Bayanka! Bayanka!"

Ya ɗaga gora sama yana murmushi. "Na gode, na gode! Na san kuna bayana!"

"Tana cin jirgin!"

"Ku yi gaba, zan cim muku!"

Molla ya kashe inji, ya ce wannan ba abin wucewa ba ne. Dabbar ta cinye igiyar ɗauri, iwa ta fara warwarewa tana bin ruwa ɗaya bayan ɗaya kamar gashin da aka tsefe. Bayan kwalekwale ya nutse, gaba ya ɗaga. Shiferaw ya ji sanyi a mazaunai, ya waiwaya, suka haɗa ido da mai gemu, da guntun jirgi a bakinta.

"Kai! Sake! Sake, ɗan banza!"

Ya kai mata duka da gora, gora ta kuɓuce ta tafi abinta. Ya kama ɗaya gefen iwar yana ja, tana ja. Ruwa ya kai masa cibiya.

Molla ya ce, "Shiferaw, in jefo igiya?"

"Wa ya ce maka nutsewa nake? Haka ake yi! Ana saukar da baya ne don gudu!"

Daidai nan wani abu ya yi huci a cikin ruwa can gefe, kunnuwa biyu ƙanana suka ɓullo. Mutumin da ya mari dorina ya ƙwala ihu yana kiran uwarsa da ta rasu tun ina amarya. "Igiya! Molla, igiya, don Mika'ilu!"

Molla ya riƙe igiya ya dube ni. "Emama, yanzu fa kuɗin mutum biyu ne."

Na ce, "A ina? Sun hau jirginka? Igiya za ka ara, ba benci ba."

"Injina ne zai ja."

"Da su da babu su injinka can za shi."

"Tiringo!" in ji Shiferaw, ruwa a ƙirji, ya rungume wuyan dabba. "Ki biya shi!"

"Yi shiru, ciniki nake."

Muka daidaita a kan gwangwanin yaji guda, shafaffe ba mai tozo ba. Molla ya jefa igiya, muka ja su a baya kamar kayan wanki, abin da ya rage na kwalekwalen bai fi tabarma ba. Duk hanya dabbar tana wani irin nishi, tana kwantawa tana tashi. Na ce, "Lafiyarsa kuwa?"

Shiferaw ya tofar da ruwa ya ce, "Ƙiba ce. Ke ba ki saba ganin ƙosasshe ba."

Muka iso. Duk shekara in na zo wurin nan sai in tsaya ina kallo. Ga matakalar dutse ta hau ta ɓace cikin manyan itatuwa, ga kan rufin cocin sama ya leƙo da gicciyensa mai ƙwan jimina, ga ƙarar dutsen nan da ake bugawa tana saukowa a kan ruwa. Iyakar abin da na taɓa gani ke nan na Debre Kokeb, sauran a bakin Admasu na ji. Jiragen mata sun jeru a gindin matakala. A gaɓa akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse, shi ne iyaka. Bayansa an baza darduma inda Tabot zai tsaya.

Abba Kidanu yana zaune a kan kujera kusa da dutsen iyaka, tsoho ƙanƙani cikin rawayar hula da rawayan mayafi, da doguwar sandar addu'a. Shi ke karɓar bakance. Duk dabbar da aka kawo sai ya sa sanda ya ɗaga wutsiya ya duba kafin ta tsallaka.

Shiferaw ya fito daga ruwa, takalmi ɗaya, bargon mijina yana ɗiga, ya buɗe hannuwa. "Abba! Ga ɗanka ya dawo!"

Abba bai tashi ba. Ya ƙanƙance ido. "Wane ne?"

"Shiferaw mana! Ɗalibinka! Mai murya!"

Tsoho ya ƙare masa kallo, ya ce, "Shiferaw. Ba kai ne ka shiga ɗakin ajiya ka cinye zabibin da ake jiƙawa don ibada ba, ka ce ɓeraye ne?"

Maza da ke tsaye a matakala suka fashe da dariya. Shiferaw ya juyo gare mu ya ce, "Kun gani? Bai manta ni ba."

"Ɗaga ƙyallen in gani," in ji Abba.

"Haba Abba, a gaban mata? Wannan ba irin tarkacen da ake kawo maka ba ne. Dubi gemu! Ko kai ba ka da irinsa."

"Ɗaga."

Sai ga ganguna sun ɓarke daga sama. Laimomi masu ado suka ɓullo daga cikin itatuwa, firistoci suna waƙa, Tabot yana saukowa a kan mai ɗauke da shi. Mu mata muka ɗauki guɗa, maza suka faɗi ƙasa. Abba Kidanu ya dafa sanda ya juya ya sunkuya. Shiferaw ya ga dama ta samu. Ya fizgi igiya ya tsallake dutsen iyaka da dabbar, wai ya zama na farko a gaban Tabot.

Dabbar ta taka darduma, ta zagaya sau ɗaya, ta durƙusa da ƙafafun gaba.

Shiferaw ya ɗaga murya yadda har na ƙarshen jirage zai ji. "Ku duba! Ku duba, jama'a! Ya durƙusa wa Tabot! Dabbar da na zaɓo da idona!"

Wasu tsofaffin mata suka fara sa hannu a goshi suna salati irin namu. Har ni na ɗan ji wani abu, ba zan yi ƙarya ba. Sai dabbar ta kwanta a gefe guda, ta miƙe wuya, ta saki wani kuka da duk macen da ta taɓa kiwo ta san shi. Wubalem ta damƙi hannuna ta ce, "Tiringo. Tiringo, wannan kukan fa?"

Na ce, "Ki yi shiru."

Jan ƙyalle ya motsa. Ya sake motsawa. Wani ɗan abu jiƙaƙƙe ya sulluɓo daga ƙarƙashin tuntaye ya faɗo a kan dardumar coci, ya girgiza kunne, ya ce "mee".

Ganguna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Mai ɗauke da Tabot ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Ba ka jin komai sai ruwa yana dukan jirage. A cikin shirun nan Wubalem, wadda bakinta ba ya tambayar kanta izini, ta leƙa ta ga namiji ne, ta saki doguwar guɗar da ake yi wa haihuwar ɗa namiji.

Shiferaw ya dubi ɗan akuya, ya dubi jama'a, ya dubi ruwa kamar mai auna ko zai iya iyo. Sai ya faɗi a gwiwa ya ɗaga hannu sama.

"Mu'ujiza! Mu'ujiza a Debre Kokeb! Taure ya haihu! A rubuta a littafin fata, a sa sunana!"

Abba Kidanu ya taka a hankali ya zo. Ya sa ƙarshen sanda ya ɗage ƙyallen gaba ɗaya ya yar. Ga hantsa nan cike, kowa yana gani, har masu ɗaukar hoto. Kafin a ce wani abu ta sake nishi, na biyu ya faɗo. Wubalem ta leƙa, ta yi gajeriyar guɗa. Mace.

"Biyu," in ji Abba. "Tun da aka aza harsashin cocin farko mace ba ta taka nan ba. Yau ka kawo mana ɗaya, ka ƙera wata a nan."

"Abba, jiya da na karɓo namiji ne. Ruwan tafkin nan ne, kowa ya san yana da..."

"Rufe mini baki."

Aka kinkimi uwa da 'yarta aka miƙo su jirginmu, aka ajiye mini a kan ƙafa. Aka naɗe darduma, aka kawo ruwan tsarki ana yayyafa wa dutse, da matakala, da Shiferaw. Abba ya ce, "Bakancen wane ne wannan?"

Shiferaw ya ce a ƙasa-ƙasa, "Admasu ɗan Belay."

"Ba a karɓa ba. A ɗauke wannan ɗan ma. Ba za a kira suna ba."

Na ji maganar kamar an zuba mini garwashi. Na tuna hannun Admasu a cikin nawa. Na tuna zan koma kasuwa in zauna kusa da Wubalem shekara guda cur. Na ture akuya daga ƙafata, na tako har bakin jirgi, na gyara mayafi.

"Abba! A gafarce ni, ina da magana."

"'Yata, wannan ba kasuwa ba ce."

"Na sani, Abba, da kasuwa ce da tuni mun gama. Tambaya ce. Wancan da ke gabanka, namiji ne ko mace?"

Ya sa sanda ya duba. "Namiji."

"To me ya hana shi?"

"Ƙosasshen taure aka yi alwashi. Wannan ko tsayuwa bai iya ba."

"Tsakanin ƙosasshe da wanda zai ƙosa ai ciyawa ce, Abba. Ga ta nan ta cika muku tsibiri ba mai ci."

"Ta hanyar saɓo ya shigo."

"Shi ya yi saɓon? A rufe ya zo, ba a tambaye shi ba. Mai saɓo ga shi can da takalmi ɗaya, ku yi yadda kuka ga dama da shi, ba zan tanka ba."

"Matar Yaya!" in ji Shiferaw.

"Kuma Abba, a gaya mini. Kai a ina aka haife ka?"

Tsoho ya ce, "A Gondar."

"Mai ganga fa?"

Wani ya amsa daga sama, "Debre Tabor."

"To duk cikinku, da na yanzu da waɗanda ke kwance a bayan coci, akwai wanda aka haifa a Debre Kokeb? Dukanku baƙi ne, jirgi ya kawo ku. Wannan kaɗai ne ɗan gari. Yau baƙi za su kori ɗan gari daga garinsu, ranar idin Mika'ilu?"

Wani matashin ɗan zuhudu ya tuntsire da dariya ya toshe baki da mayafi. Ta bi layi har sama. Abba Kidanu ya sunkuyar da kai, na ga gemunsa yana rawa. Ɗan akuyan kuwa ya yunƙura ya miƙe a kan ƙafafu huɗu, ya yi tangal-tangal, ya je ya kama gefen rawayan mayafin Abba yana tsotsa.

Abba ya ce, "Me kike sayarwa, 'yata?"

"Yaji, Abba."

"Na ji alama." Ya juya ga jama'a, ya buga sanda a ƙasa, ya ɗaga murya: "Admasu ɗan Belay ya sauke bakancensa. Mika'ilu ya karɓa. Allah ya ba shi hutawa."

Ganguna suka dawo. Ni dai na ja mayafi na rufe fuska, abin da na yi a ciki ba ruwan kowa. Har Wubalem ta dafa mini baya, na bar ta.

Da aka lafa sai Abba ya ce, "Saura abu ɗaya. Abin da aka ba Mika'ilu ba ya sake tsallaka ruwa. Uwarsa kuma ba ta sake taka nan. Mu ba mu da nono a tsibirin nan, ko na ɗigawa a ido. In ya mutu da yunwa, bakance ya dawo sabo."

Ya juya a hankali ya dubi Shiferaw. Kowa ya dubi Shiferaw.

"Tunda ka iya tuƙi," in ji Abba, "kullum da safe ka kawo uwar. Ka tsaya a ruwa, ka riƙe ta a bakin jirgi, ɗa ya sha daga kan dutse. Har a yaye shi."

"Kullum, Abba?"

"Ai karatunka bai ƙare ba wancan karon."

Washegari na je kasuwar awaki na sami wanda ya yi musaya da shi, na shirya masa tsiya. Mutumin ya rantse da abin da zai kashe shi, ya ce, "Emama, shi ya nuna ta ya ce a ba shi mai tumbin can. Na buɗe baki zan yi magana, ya ce ya san awaki tun kafin a haife ni." Taurena kuwa tuni wani mai otal ya yi gaba da shi. Ban bar wurin ba sai da ya haɗa mini da buhun dusa na jego. Akuya da 'yarta suna gidana, nonon da ya rage nawa ne. A lissafa a gani ko an cuce ni.

Shiferaw yana nan yana kai da kawowa. An ɗaura wa akuyar kwando a baki saboda jirgi. Masunta in sun hango shi sai su ɗauka, "Ungozoma! An sauka lafiya?" Yara sun sa shi a waƙa. Ranar nan wani ya buga masa ƙofa wai matarsa na naƙuda, a taimaka.

Amma kada ku ɗauka ya rusuna. Jiya ya zo rumfata yana gaya wa masu sayen yaji cewa duk ƙasar nan shi kaɗai ne 'yan zuhudu ke saukowa tarba kowace safiya, kuma ai dama ya faɗa, Abba Kidanu in ya hango shi tashi yake tsaye.

Wannan kam gaskiya ce, na bi su rannan na gani da idona. Tsohon yana hango shi yake miƙewa, ya ɗauki sanda, ya tare shi a dutsen iyaka. Duk abin da Shiferaw ya zo da shi sai Abba ya ɗaga ya leƙa ƙarƙashi, har bargon da ke jikinsa.